Haƙoran Dorina

Ranar wata Asabar ce a cikin watan Oktoba, shekarar da na shiga aji biyar a lekol, wato makaranta, damina ba ta daɗe da sauka ba. Ina tsugune a gindin katangar gidanmu da ke unguwar Lalala ina wanke-wanke, babbar roba a gabana cike da kwanukan kokon safe, na ba tsakar gida baya. Na ji lokacin da Yaya Sadiku ya tayar da tsohuwar motar Baba, wadda muke kira Dorina, amma ban waiwaya ba, domin kusan kowace safiya sai sun tayar da ita ta yi gurnaninta a inda take sannan su kashe. Abin da ban sani ba shi ne a ranar Baba ya ce masa ya saka ta a giya, karon farko tun da suka gama haɗa injinta. Na ji wata ƙara kamar an banko ƙofar ƙarfe, sai na ji Baba ya kira sunana da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Har yau ban san yadda aka yi na tashi ba. Na dai tsinci kaina manne da duron ruwa, ina kallon hancin motar yana tura robar nan a hankali har ta haɗu da katanga, ta lanƙwashe, ta fashe, ruwan kumfa ya malala ƙarƙashin tayoyi. Yaya ya danne birki da ƙafafunsa biyu, amma motar tana ta jan jiki tana karkarwa kamar bijimin da ya ga mahauta, har sai da Baba ya zura hannu ta taga ya murɗe makulli. Kwanon silba na Inna, wanda take zuba wa Baba tuwo a ciki, ya koma kamar faifai.

Inna ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta dubi kwanon, ta dubi wurin da nake tsugune ɗazu, sannan ta zo ta shafa ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya tun daga gwiwa har yatsu. Baba ya durƙusa a gabana. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Rakiya, don haka ba ya kama sunana sai dai ya ce Uwata, kuma a safiyar nan ce kaɗai na ji ya kira ainihin sunan. "Uwata, kin ji ciwo?" ya tambaye ni. Na girgiza kai. Kukan ma bai zo mini ba sai bayan la'asar, ina cikin ɗauraye wasu kwanukan a can bayan ɗaki, inda na mayar da wurin wanke-wankena tun daga ranar.

Baba bakanike ne, mutumin Garwa, ya zo Libreville yana saurayi. Abin da ke ciyar da mu gyaran taksi ne, ja-da-farin nan da suke cika titi, amma abin da ke ransa Dorina ce. A wani fili da ke Owendo ya gano ta, a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a kujerar baya. An ce wani Bature mai aikin man fetur ne ya shigo da ita daga Amurka tun kafin a yi auren iyayenmu, ya tafi ya bar ta. Ƙofa biyu gare ta, da hanci mai tsawon gadon Inna, da inji mai silinda takwas, launinta kuwa toka-toka ne mai duhu. Baba ya ce ta tuna masa da dorinar kogin Binuwai, wadda za ka gani kwance kamar dutse, sai ka matso ta buɗe baki. Shekaru ya yi yana haɗa injin nan da yammacin Asabar da Lahadi, ya ƙara masa ƙarfi fiye da yadda aka ƙera shi, har ya zama ko a tsaye take ba ta numfashi daidai, sai ta riƙa yin wani irin gum-gurum, gum-gurum, da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. In ta tashi, kwanon rufin ɗakunanmu yakan amsa.

Gidan haya muke, ɗakunan katako a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Akwai 'yan Gabon, akwai 'yan Togo, akwai mu. Mu yara ba mu san bambanci ba. Faransanci muke yi a tsakar gida, Hausa a ɗaki. In muka dawo daga lekol sai mu tare durorin ruwan sama, mu kai wa Inna itace wurin da take suyar ƙosai a bakin hanya, mu tsinci 'ya'yan itacen nan, atanga, da ta faɗo daga bishiyar maƙwabta mu jiƙa ta a ruwan zafi mu ci da gishiri. Muna carafke da duwatsun kwata, muna tsallen igiya da tsohuwar wayar birki. Amma babban wasan gidan shi ne wa zai iya zuwa ya ɗaga tamfol ɗin da aka lulluɓe Dorina da shi, ya taɓa fitilarta ya dawo a guje. Ƙanena Habibu, ɗan shekara huɗu mai ciwon asma, yana zuwa ya taɓa yana dariya, har ya zauna a kan bambar motar yana cin ƙosai. Ni ko sau ɗaya ban taɓa yi ba. Tun kafin ranar Asabar ɗin nan nake jin cewa fitilun nan huɗu suna bin mutum da kallo.

Da yammacin ranar Baba ya zaunar da ni a kan benci, ya ce zai nuna mini abin da ya kusa taka ni, don in san ba aljani ba ne. Sai da suka yi kwanaki kafin su sauke giyabos ɗin su zaro shi. Wani ƙarfe ne zagayayye kamar kabewa, baƙi, mai nauyin da Yaya ke nishi in ya ɗaga. Su suna ce masa konbatisa. Yana zama ne tsakanin inji da giya a motar da ke sauya giya da kanta, cikinsa cike da jan mai. Baba ya ce in ɗauka fankoki biyu ne suna fuskantar juna a cikin tukunya rufaffiya: in ɗaya ta juya sai ta kaɗa man, man kuma ya juya ɗayar. Konbatisan da ya zo a jikin motar an yi shi ne don inji mai sanyin hali, yana kamawa tun inji bai ɗaga murya ba. Yanzu da injin ya yi ƙarfi, da an saka giya sai ya cafke, motar ta tafi ko an so ko ba a so ba. Dole a nemo wanda zai ɗan saki, ya bar injin ya yi numfashi tukuna. Na gyaɗa kai kamar na gane. A raina kuwa cewa nake, to ai ga shi da bakinsa ya faɗa, tana tafiya ko ba a so ba.

Da suka buɗe pon ɗin baya, wato ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, sai suka tarar haƙoran giyar ciki sun ɓantare. Nan ma sai an sake. Oga Sunday ne ya nemo kayan. Inyamiri ne mai shagon kayan mota a Sotega, ya taɓa zama a Kano, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma shi da Baba sun shaƙu. Bayan wasu makonni ya iso a bayan wata akori-kura da konbatisa biyu da giyar baya kala biyu, duk tsofaffi amma masu rai, ya ce Baba ya zaɓa a tsanake, abin da bai ɗauka ba a mayar masa. Aka shimfiɗa su a kan kwali a barandarmu, suna ƙyalli da mai, haƙoransu a karkace. Kowace safiya sai na raɓa ta gefensu in fita lekol, ina tattare siket ɗina kada ya taɓa su.

Baba ya bayyana bambancinsu da alli, ya yi zane a kan sandar da ke kai ƙarfi baya, ya yi wani a jikin taya. Da giya ta farko, sandar za ta juya wajen sau uku kafin taya ta zagaya sau ɗaya; motar za ta tashi a natse, ta yi doguwar tafiya inji bai galabaita ba. Da ta biyun sai sandar ta juya sau huɗu da ɗoriya. Motar za ta zabura kamar an tsikare ta, amma a kan doguwar hanya injin zai yi ta ihu yana shan mai yana zafi. Konbatisa ma haka: ɗaya yana ɗan saki kaɗan sannan ya kama a hankali, ɗayan kuwa ba ya kamawa sai inji ya hau sama sosai, sannan ya sakar wa tayoyi ƙarfin gaba ɗaya a lokaci guda. Yaya Sadiku, wanda a lokacin bai kai ashirin ba, idonsa na kan na biyu da na biyu. Ya sha zuwa bakin teku ranar Lahadi yana kallon 'ya'yan masu hali suna tsere daga wannan danja zuwa waccan, kuma ya ɗauka a ransa cewa ranar da Dorina ta fito, duk sai sun sha ƙurarta.

Musu ya shiga gidanmu ya zauna. Yaya ba ya ɗaga wa Baba murya, kansa a ƙasa yake magana, amma ba ya bari. Kullum bayan sallar magariba, suna cin tuwo, sai ya sako zancen: me ya sa aka wahala aka ƙara wa inji ƙarfi in za a ɗaure masa ƙafa? Baba yakan ce, "Ƙarfin na inji ne, amma ƙasa ce ke karɓa. In ƙasa ta ƙi karɓa, kanka zai dawo." Yakan nuna sama da yatsa ya ce garin nan na ruwa ne, wata tara kwalta a jiƙe take, ga gangare ga kwata a buɗe ko'ina. Burinsa shi ne ya ɗebe mu duka wata rana mu tafi har Lambarene mu ga kogi, Inna a gaba da sabon mayafi. Daga ƙarshe ya yanke: konbatisa mai saki kaɗan, da giyar sau uku. Ya ɗaura wa zaɓinsa jan ƙyalle, ya ce wa Yaya ya mayar wa Oga Sunday sauran. Ni dai ina gefe ina addu'a kada ko ɗaya ya yi daidai, motar ta zauna a inda take har ta ruɓe.

Ba a kai ga ɗaurawa ba saƙo ya zo daga Garwa cewa kakarmu tana kwance rai a hannun Allah. Baba ya haɗa jakarsa ya kama hanyar Kamaru, tafiyar kwanaki a mota. A bakin ƙofa ya ce wa Yaya ya kula da taksin mutane, Dorina kuwa ta jira shi. Mako bai cika ba Yaya ya kira wani abokinsa suka ɗage motar a kan kututture. Na dawo daga lekol na ga jan ƙyallen nan yana nan a baranda ɗaure da kayansa, ɗaya kwalin kuwa babu komai a kai. Na je wurin suya na faɗa wa Inna. Ta bar kaskon a hannun wata maƙwabciya ta zo ta tsaya a kan ƙafafun Yaya da suka leƙo daga ƙarƙashin motar, ta ce, "Sadiku, abin da mahaifinka ya ce ke nan?" Ya ce mata gwadawa kawai zai yi, kafin Baba ya dawo zai cire, kuma ba zai fita da ita titi ba sai da asuba ranar Lahadi lokacin da babu kowa. Inna ta ce ita ba ta san ƙarfe ba, amma ta san mijinta, sannan ta koma bakin kaskonta.

Da suka gama, Dorina ta daina jan jiki in an saka ta a giya, wannan kam gaskiya ne, kuma Yaya ya yi ta nuna wa Inna. Amma ta sami sabon hali. In ya taka mai a hankali sai injin ya yi ta hawa motar tana tsaye, kamar tana tunani, can sai ta yi wani irin tsalle, tayoyin baya su watsa tsakuwa har jikin ƙofofin mutane. Ga shi ba su daidaita haƙoran sosai ba, sai pon ɗin ya riƙa wani kuka siriri kamar kare da aka ɗaure. Ranar Lahadi nakan ji fitarsa, in ji kukan nan yana nisa yana nisa, in kwanta ina jiran a zo a buga ƙofa a ce a fito. A lekol metires, wato malamarmu, ta taɓa tambayata ko ba ni da lafiya ne, don in babbar mota ta wuce bayan taga sai in ƙanƙame tebur. Na daina wucewa ta tsakar gida. Ta bayan banɗaki nake zagayawa, cikin ciyawa, duk da an ce akwai maciji a wurin.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, ba mu da lekol da yamma. Inna ta tafi kasuwar Mont-Bouët sayo wake. Tun azahar sama ta haɗe, sannan ta ɓalle, irin ruwan Libreville da ke sauka kamar ana juye duro. Habibu yana kwance a tabarma tun safe yana tari. Ina ninke kaya sai na ji numfashinsa ya fara fito. Na ɗauko abin shaƙarsa na fesa masa yadda Inna ta koya mini, na jira, na sake fesawa. Fiton bai tsaya ba. Ya tashi zaune ya dafa gwiwoyinsa, ramin wuyansa yana lotsawa duk lokacin da ya ja iska, leɓɓansa suka fara yin launin toka. Ya dube ni, yana so ya ce Yaya Rakiya, kalmar ta ƙi fita. Na ruga cikin ruwan na kira Yaya Sadiku daga rumfar gyara. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce sai asibiti. Layinmu ya zama rafi, taksi ba sa gangarowa in ana ruwa, taksin da ke hannunsa a ranar kuwa injinta na ƙasa. Ya yaye tamfol ɗin Dorina, ya buɗe ƙofa, ya kwantar da kujerar gaba, ya ce, "Shiga baya ki riƙe shi a zaune. Kada ki bari ya kwanta."

Na tsaya a cikin ruwa da Habibu a kafaɗata, ina kallon bakin ƙofar nan. Ina jin ƙirjinsa yana bugun nawa, ina jin fiton a cikin kunnena. Yaya bai yi mini tsawa ba, ya ce kawai, "Rakiya, ba ni da wani sai ke." Na sunkuya na shiga. Cikinta warin tsohuwar fata ne da fetur, kujerar ta yi zurfi har ba na ganin waje sai ta saman taga. Da ya tayar da ita, gurnanin da na saba ji daga nesa ya shigo ta ƙashin bayana.

Gangaren layinmu ne ya fara nuna mana abin da muke ciki. Yaya ya taka mai kaɗan, injin ya hau, motar ba ta motsa ba. Ya ƙara, sai ta zabura, bayanta ya kaɗa hagu ya goge katangar wani gida, ya dawo dama. Laka tana dukan gilashi. Ya saki, ta tsaya, ta fara silalewa baya. Ya sake takawa, ta sake zabura. Haka muka hau tudun nan, da tsalle da zamiya, kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Kan Habibu yana bugun haɓata, na dafe shi da hannu ɗaya, ɗayan na ƙanƙame madaurin da ke jikin ƙofa. Ina ganin ƙeyar Yaya, jijiyoyin wuyansa a miƙe, yana ta maimaita bisimilla. Da muka hau kwalta na ɗauka mun tsira. Ashe kwaltar ta fi lakar santsi. Duk lokacin da ya so ya ƙara sauri kaɗan, sai in ji bayan motar ya yi sakayau a ƙarƙashina, kamar kwalekwale, kukan pon ɗin yana ƙaruwa har ya rufe fiton Habibu, ni kuma abin da ya fi tsorata ni ke nan, don ba na jin ko yana numfashi.

A karfur, wato mahaɗar titunan da ke gaban kasuwar unguwa, danja ta tsayar da mu. Ruwa yana gudu a kan titi har rabin taya. Habibu ya saki jikinsa, kansa ya langaɓe a hannuna. Na ce, "Yaya, ya daina riƙe ni." Ya waiwayo ya gani, danja ta ba da hannu, ya taka mai da dukan ƙafarsa. Injin ya yi wata kururuwa, motar ta yi jim, sannan duniya ta juya. Na ga rumfunan kasuwa sun wuce ta gabana, na ga wata babbar mota mai ɗauke da gungumen katako, na sake ganin rumfunan, lemu da tumatir suna tashi sama. Ban yi ihu ba. Na dunƙule a kan Habibu na rufe ido. Wani abu ya daki ƙasan motar, ta karkata, ta mutu. Da na buɗe ido, ta tagar da ke gefena babu titi, sai babbar kwatar nan mai zurfin da ya fi tsayin mutum, jan ruwa yana gudu a ciki yana tafe da robobi da rassan itace. Tayar baya ɗaya tana rataye a kan iska tana juyawa a hankali. Duk motsin da na yi sai motar ta amsa.

Yaya yana zaune riƙe da sitiyari, bai motsa ba. Na kira shi sau da yawa, kamar ba ya ji. Mutanen kasuwa ne suka rugo, maza suka hau kan dogon hancin nan suka danne shi da nauyinsu, wani ya buɗe ƙofar da ke ɓangaren titi ya fizge Yaya waje. Na tura Habibu gaba ta saman kujera, wata mata mai sayar da kifi ta karɓe shi, sannan na rarrafo na fito. Wani ɗan taksi ya tsaya, motarsa cike, amma fasinjojin gaba suka sauka cikin ruwan ba tare da an roƙe su ba. Matar nan ta shiga da Habibu a cinyarta, ta jawo ni kusa da ita, tana hura masa iska a fuska tana yi masa magana da yarensu. Ban san sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba. A asibiti suka karɓe shi suka rufa masa abin iska a hanci, suka bar ni a kan benci, ruwa yana ɗiga daga siket ɗina. Sai da na ji kukansa daga ciki sannan na lura cewa yatsun hannuna na dama sun ƙi miƙewa, madaurin ƙofar ya yanke ni a tafin hannu. Inna ta iso da buhun wake a ka, don a kasuwa aka tare ta da labari, ta manta ba ta sauke shi ba.

Habibu ya kwana uku aka sallame shi. Dorina kuwa Oga Sunday ne ya sa aka janyo ta gida. Baba ya dawo bayan an yi sadakar bakwai ta kakarmu, ya rame, idonsa ya faɗa. Inna ta ba shi labari a ɗaki. Muna jira mu ji faɗa, ba mu ji ba. Ya fito ya ɗauki Habibu ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa, ya buɗe tafin hannuna ya dubi tabon. Sannan ya zagaya motar, ya tsuguna ya dubi ƙarƙashinta. Yaya yana tsaye a gefe, ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ya durƙusa ya fara ba da haƙuri, Baba ya ɗaga masa hannu. "Ka kai ƙanenka asibiti, wannan na gode," in ji shi. "Sauran kuma ka ji da jikinka, ba sai na faɗa ba. Ɗauko kututture." Da hannun Yaya aka kwance duk abin da ya ɗaura, aka mayar da kayan nan masu jan ƙyalle, Baba yana zaune a benci yana kallo, bai taɓa sifana ba. Wajen daidaita haƙoran ne kaɗai ya shiga ƙarƙashi, ya shafa musu shuɗin fenti, ya sa Yaya ya juya ya duba inda suke cizon juna, ya kwance ya sake, har ranar ta ƙare a kan wannan kaɗai.

Lambarene dai ba mu je ba. Amma wata Lahadi da hantsi, rana ta fito, Baba ya ce kowa ya yi wanka. Na ce ni cikina yana ciwo. Bai matsa mini ba, ya zauna a bakin ƙofa ya ce to shi ma ba ya zuwa, tunda uwarsa ba ta zuwa. Kowa yana jirana, Inna da sabon mayafinta, Habibu yana ta jan hannuna. Na shiga na zauna a inda na zauna ranar nan, na rufe ido. Na ji an saka giya, na ƙanƙame kujera ina jiran tsallen. Bai zo ba. Motar ta ɗaga a hankali kamar an tura jirgin ruwa daga gaɓa, babu kuka a baya, sai gurnani can ƙasa-ƙasa. Ban buɗe ido ba sai da na ji warin teku. Baba yana tuƙi da hannu ɗaya, taksi suna wuce mu suna yi mana hon, Yaya yana gefena ya zuba wa ruwa ido. Tsoron bai bar ni ba a ranar, bai kuma bar ni ba a shekarun da suka biyo. Ko da na girma, in zan ratsa tsakar gida sai na ba ta tazara.

Yanzu wurin da gidan yake an gina bene mai shaguna a ƙasa. Baba ya koma Garwa da tsufa ya kama shi, can ya rasu, kuma kafin ya tafi ya sayar da motar ga wani mutumin Port-Gentil da ya sa aka ɗora ta a jirgin ruwa. Yaya Sadiku yana jan babbar bas zuwa Oyem, fasinjoji suna ƙorafin ba ya sauri. Habibu ya zama malamin jinya, asmar ta bar shi tun yana sakandare. Ni ina da wata 'yar ƙaramar mota da ke kai ni aiki a Cocotiers, ba ta gurnani, ba ta da hali, in ta lalace na'ura ake jona mata ta faɗi abin da ke damunta, ba wanda ke zaunar da yaro ya buɗe masa cikinta. 'Ya'yana suna barci a kujerar baya tun kafin mu fita layi. Wani lokaci in ina kallonsu ta madubi, nakan so a ce Baba yana nan ya ɗauke mu zuwa ganin kogin nan, ko da zan yi tafiyar duka ido a rufe. Ashe har abin da mutum ya ji tsoro yana iya yin kewarsa.